Na Raka Ƙwaryar Kindirmo Zuwa Tudun Jos

Da sunan Allah nake farawa. Tun da na dawo, ba gidan suna ko gidan biki da zan shiga a bar ni in zauna lafiya. Iya, yaya ƙasar Jos? Iya, da gaske Bature ya sha kindirmonki? Na faɗa har muryata ta dushe, kowace kuma in ta tafi sai ta ƙara nata, har shekaranjiya na ji wai a jirgin sama aka kai ni. Shi ya sa na zaunar da Malam Sule, mijin jikata, mai koyarwa a elementare, na ce ya ɗauko alƙalami. Ni ban san baƙi ba, sai abin da nake salla da shi. Wadda ta sake tambaya, a karanta mata. In kun ji magana ta yanke a wani wuri, kuka ne ya tare ni, na kuwa hana shi rubuta kukan.

Da ƙwaryar zan fara, don ita aka gayyata. Ni rakiya na yi.

Ni 'yar Azare ce, Bahaushiya, aure ya kai ni rugar su marigayi kusa da Bulkachuwa. Kada ka ɗago kai kana jiran sunansa, Malam Sule. Ban faɗe shi yana da rai ba, ba yanzu zan fara ba. Ban daɗe a rugar ba surukata, Inna, ta ba ni wata tsohuwar ƙwarya da ɗan kindirmo a gindinta, ta ce wajen uwarta ta gada. Yadda ake yi, a dafa madara, a bari ta huce har yatsa ya iya zama a ciki, a zuba ludayi guda na kindirmon jiya, a rufe da faifai. Na jiyan nan shi muke kira iri. Ba a bari ya yanke. Ƙwaryar kuma ɗauraye ta ake yi a shanya, ba a kankare ta, sabulu bai taɓa ganin cikinta ba.

Abin dariyar, ni ba na shan nono. Tun ina yarinya in na sha, cikina sai ya yi ta kuka kamar tafkin kwaɗi. Matar Bafulatani da ba ta shan nono! An yi mini dariya shekara da shekaru, shugabar masu dariyar kuwa yayarsa ce, Adda Dudu. Shi bai taɓa yi ba. Kullum da safe zan ajiye masa, ya sha, ya shafa gemu, ya ce, "Na Inna ne." Iyakar yabon ke nan, kuma ya ishe ni.

In zawo ya kama ɗan maraƙi, marigayi yakan ɗura masa kindirmon nan, da yawa su tashi. Mata ma sukan zo karɓa wa yaransu. Malam Garba, malamin dabbobi da ke zuwa yi wa shanu allura, ya gani ya kai labari ga manyansa. Turawa ba sa gaggawa. Amsarsu ba ta zo ba sai da marigayi ya yi jinyarsa, ya rasu, na fita takaba. An raba shanu, 'ya'ya maza sun kora su wajen Gamawa, an bar mini saniya guda, na dawo Azare gidan 'yata. Cikin duk abin da ke da rai a gidanmu, irin nan ne kaɗai ya rage a hannuna yadda ya bar shi. Shi ne kuma abu na ƙarshe da ya wuce maƙogwaronsa.

Malam Garba ya zo ya durƙusa a zaure.

"Iya, manya sun ce a kai musu kindirmon su duba. Ƙwaryar kawai suke so, ni zan kai in dawo da ita."

"Wa zai ciyar da shi a hanya?"

"Ciyar da wa, Iya?"

"Irin mana. Kana tsammani shi ba ya jin yunwa?"

Ya sosa ƙeya. Na ce ko dai mu tafi ni da ita, ko mu zauna ni da ita. Haka na sami kaina, da tsufana, a tashar mota.

Motar ta ɗauko fatu da buhunan gyaɗa, mutane a sama kamar kaji a kan rumbu. Direban tsohon soja ne da ya dawo daga yaƙin Bama, magana ɗaya tsawa biyu. Ya dube ni ya nuna sama. Malam Garba ya ce masa ƙwaryar nan kayan gwamnati ce, ba ta hawa kan buhu. Nan take aka sauke wani attajiri daga gaba aka ba ƙwarya wuri. Da yake ƙwarya ba ta iya zama ita kaɗai, aka bar ni in riƙe ta. Duk shekarun da na yi a duniya ba wanda ya taɓa tashi ya ba ni wurin zama, sai albarkacin kindirmo.

Hanyar kuwa, Allah ya isa tsakanina da ita. Kafin mu kai Misau mota ta kaɗe mini kindirmon tas, har mai ya fara tasowa. Aikin da kan ci mini hantsi guda, ita ta yi shi ba a roƙe ta ba.

A iyakar ƙasarmu da ta maƙwabta aka tsayar da mu, 'yan doka suna duba kaya. Ɗaya ya leƙo ta taga.

"Tsohuwa, mene ne a ciki?"

"Kindirmo."

"Daga Azare za a kai kindirmo Jos? Shanun can sun mutu ne?"

Ya ɗaga faifan, ya miƙo yatsa zai tsoma. Ban san sanda na make masa hannu ba. Na ce yau kam zan kwana a gidan yari. Sai direba ya ce, "Kai ma ka taɓa kayan gwamnati da yatsa? A Bama harbe ka za a yi." Ɗan dokan ya ja baya, ya ƙame, ya sara. Har yau ban sani ba ko ni ya sara wa ko ƙwaryar.

A Darazo muka sauka gidan wani fatoma, mai saukar da baƙi. Na fita neman madara, Fulanin kasuwa suka miƙo mini wadda ta sha ruwa har tana sheƙi. Na yi musu magana da Fulatanci, na ce irin surukata zan ciyar. Suka dubi juna suka yi dariya, babbarsu ta ce, "Goggo, ai da kin faɗa tun farko," ta jawo wata ƙwarya daga bayanta. Ashe ko'ina haka ne, akwai ta baƙo akwai ta gida. A Bauchi kuwa mota ta lalace, muka isa madara ta ƙare a gari. Matar ƙanin Malam Garba, inda muka sauka, ta kawo mini ta gwangwani tana alfahari. Na shinshina na ji sukari, na yi mata godiya na mayar. A ƙarshe akuyar gidan aka tatsa. Na zuba wa irin ina ba shi haƙuri, na ce in marigayi yana gani ya yafe mini, tafiya ce.

Daga Bauchi hanya ta fara hawa, sanyi ya fara shiga ƙashi. Mutanen tudun ba sa yin danga da zana, ƙerana, wani tsiro mai ƙaya, suke shukawa ta kewaye gida da gona. Abincinsu acca, suna yin wani fate da ita da ganye, suna kiransa gwate. Ranar farko na ci don kunya, daga baya na ci don daɗi. Gidan da aka kai mu yana can gaba da garin Jos, gidan binciken ciwon dabbobi ne na Turawa. Nan na ga shanu marasa tozo, baƙi da fari, kowace da lamba a kunne kamar motar haya, suna kwana a ɗaki mai siminti. Ƙarti ne ke tatsarsu, sanye da fararen riguna. Ba mai kiran saniya da suna, ba mai yi mata magana. Madarar dai da yawa, amma ni na ji tausayinsu.

An sauke ni gidan Malam Yohanna, ɗan ƙasar ne, shi ne babban mai taimaka wa Baturen a ɗakin gwaji. Matarsa ta ba ni bargo da tukunya sabuwa, ta nuna mini gabas ba tare da na tambaya ba. Baturen kuwa ma'aikata suna kiransa Mai Lofe, don lofen ba ya barin bakinsa sai zai shiga ɗakin. Yana jin Hausa, irin wadda ake koya a takarda. Ya gaishe ni, ya yi mini ta'aziyya a gurguje, idonsa na kan ƙwarya.

Aka ba ni kujera a kusurwa, don na ce ba zan bar ta da kowa ba. Malam Yohanna yana aiki yana yi mini bayani.

"Mama, abin da ke sa madara ta kama wasu 'yan ƙananan halittu ne, ido ba ya ganinsu. Ba iri ɗaya ba ne, gari guda ne a cikin ƙwaryar nan. Aikinmu mu raba su, mu san kowa da ƙabilarsa."

"Me suka yi muku da za ku raba su?"

"Muna so mu san wanne ne ke taimakon cikin maraƙi."

Ya ɗauko 'yar waya mai lanƙwasa a kai, ya sa ta a wuta har ta yi ja, ya bari ta huce, ya taɓa kindirmon da ita. Taɓawa kawai. Na ɗauko ƙwarya tun daga Azare, na make hannun ɗan doka, na tatsi akuya, abin da suke buƙata bai kai abin da ƙuda ke ɗauka a ƙafa ba. Ya ja wayar a kan wani farantin gilashi mai wani abu a ciki kamar romon ƙafar sa da ya kwana a sanyi ya daskare. Ya ce har da ruwan tumatir a ciki, don suna son shi. Ni duk zamana da su ban taɓa ba su tumatir ba, ba su kuma taɓa yin ƙorafi ba. Ya ja layi nan, ya ƙona wayar, ya ja daga wancan layin zuwa gefe, ya sake ƙonawa, wai don su yi ta raguwa har kowa ya faɗi shi kaɗai. Wasu farantan ya sa a akwati mai ɗumi kamar ƙarƙashin kaza. Wasu ya sa a wani tulun gilashi, ya kunna kyandir a ciki ya rufe har wutar ta mutu, wai akwai waɗanda ba sa son iska da yawa. Na ce waɗannan matan kulle ne.

Bayan kwana biyu farantan suka fito da ɗigo-ɗigo, wasu kamar ƙwayar gero, wasu kamar kan allura, wasu masu gefe kamar auduga. Ya ce kowane ɗigo zuriyar mutum guda ce. Ya ɗebi ɗaya ya shafa a gilashi, ya zuba shuni, ya wanke, ya zuba ja, kamar a marina. Ya ce akwai masu riƙe shunin farko, akwai masu sakinsa, nawa masu riƙewa ne. Sannan ya ce in sa ido a madubinsu na ƙara girma.

Na duba ban ga komai ba sai gashin idona. Ya murɗa wani abu. Sai ga su. Wasu dogaye kamar guntayen kara, wasu a jere kamar carbi, wasu ƙatta masu kama da ƙwai. Na ja baya na yi salati. Shekara da shekaru ina kwana ɗaki ɗaya da jama'a haka, ban taɓa yi musu sallama ba.

Na ce to an gama ke nan. Ya yi dariya.

"Yanzu aka fara, Mama. Dogayen nan kama ɗaya gare su, amma ba gida ɗaya ba ne. Ba su da tsage a fuska, sai dai a gane su ta abin da suke ci."

Ya jera 'yan kwalabe sirara kamar yatsa, an toshe bakinsu da auduga, kowace da ruwa mai launi da nata irin sukarin, akwai na madara, akwai na rake, akwai waɗanda ban riƙe sunansu ba. In baƙon ya ci, ruwan ya canja launi. In ya ƙi, ya zauna yadda yake. A cikin kowace akwai wata 'yar ƙaramar kwalba a kife, wai don a kama mai yin gyatsa. Wasu aka kai ɗaki mai zafi, wasu mai sanyi, a ga wa ke jure me. Na ce ai mu ma haka muke yi. Ka ajiye wa baƙo fura da nono da burabusko da tuwon dawa, ka ja gefe, hannunsa zai gaya maka garinsu.

Abin da ya tayar mini da hankali, wata safiya na ga an shigo da kashin maraƙi a faranti mai murfi, ana riƙe da shi da ladabi, aka ajiye a tebur ɗaya da kindirmon Inna. Na miƙe tsaye.

"Yohanna, wannan wane irin wulaƙanci ne?"

"Mama, 'yan maruƙan da muka ba kindirmonki ne. Muna so mu ga wa ya shiga ta baki ya fito da ransa."

Mutanen da ke wanke hannu kafin su taɓa ƙofa, su ne ke shuka kashi a faranti suna jiran ya tsiro. Ya kuwa tsiro. Aka bi da shi ta shuni da sukari da zafi, sai ga ɗaya daga cikin dogayen nan nawa. Mai Lofe ya yi ta murna kamar an yi masa haihuwa. Ya ce ƙabila huɗu suka samu. Dogaye gida biyu, ɗaya shi ne jarumin da ke sauka ciki ya zauna. Sai 'yan carbi. Na huɗu, masu kama da ƙwai, ya ce ba 'yan gida ba ne, ciyawa ce ta shigo gona, dangin abin da ke kumbura burodi. Ya sa aka ajiye su a kwandon abin da za a kashe.

Yanzu na zo inda ba na son zuwa. Rubuta a hankali.

A ɗakin nan akwai doka. Duk abin da aka gama da shi aka bari a teburin bakin ƙofa, sai an sa shi a wata tukunyar ƙarfe mai huci an dafa, don kada wani ciwo ya fita waje. Mai wannan aikin wani dattijo ne, Baba Dung, sa'ana ne ko ya girme ni, kullum sai mun gaisa. Ranar Asabar, ana gobe za mu kama hanya, Mai Lofe ya ce yana so ya ɗan kankari jikin ƙwaryar daga ciki ya gani. Lokacin azahar ya yi, na ga na saba da su, na ce bari in je in yi salla in dawo. Tun daga Azare ban taɓa barinta ba sai ran nan. Shi kuma da ya gama, aka kira shi wajen wata saniya, ya ajiye ta inda hannunsa ya saba ajiye abu.

Ina kan tabarma ina jan carbi, sai ga Baba Dung da sallama, ya riƙo ta da hannu biyu, fuskarsa cike da fara'a.

"Mama, ga kayanki. Tun da nake aikin nan ban taɓa shan wuyar wanki irin na yau ba. Na dafa, na sa sabulu, na sa yashi. Dattin shekara nawa ne wannan?"

Ta yi fari fat kamar yau aka fafe ta, bakinta ya ɗan tsage. Na sa hanci. Sabulu.

Ranar da aka fita da marigayi ban ɗaga murya ba, matar Fulani ba ta yi. Kukan da na riƙe a Bulkachuwa, a tsakar gidan Malam Yohanna na yi shi, gaban baƙi. Na ce yau ya mutu mini karo na biyu. Baba Dung ya tsaya da hannu a sake, bai san me ya yi ba. Da aka gaya masa ya zauna a ƙasa ya cire hula. Ban iya jin haushinsa ba. Alheri ya zo yi mini, iyakar ƙarfinsa.

Malam Yohanna ya durƙusa gabana.

"Mama, ki saurare ni. Ba su ƙare ba. Waɗanda muka raba suna nan da ransu, kowa a kwalbarsa."

Aka fasa tafiya. Mai Lofe ya zo da kansa, ba lofe a bakinsa, ya ba ni haƙuri har Hausarsa ta ƙare. Ya ce zai ba ni mafi kyau, jarumin nan shi kaɗai, tsantsa, ba gauraye. Aka dafa madara aka zuba. Da safe na buɗe. Ya kama, amma tsami kawai yake tashi kamar jiƙon tsamiya. Na ce ba shi ba ne. Aka haɗa gida uku. Wannan ya yi kauri, ludayi ya yanka shi sosai, amma ƙamshin da kan tare ni in na ɗaga faifai babu shi. Mutanen da suka kwashe kwana da kwanaki suna raba gari, ga su sun dawo suna roƙon jama'a su koma zama tare.

Malam Yohanna ya dubi ƙwaryar, sai ya tashi da gudu. Ya dawo da 'yar kwalba guda. Masu kama da ƙwai ne, waɗanda aka ce ciyawa ce. Suna cikin kwandon da za a dafa ran Asabar ɗin nan, amma Baba Dung ya fara da kankare ƙwaryata, tun abin da ya faru kuma bai koma kansu ba. Aka zuba su. Aka yi ta juyawa daga na jiya zuwa na yau har suka saba da juna. Wata safiya na ɗaga faifai, sai na ji ɗakina na Bulkachuwa. Ko kusa da shi.

Mai Lofe ya duba a madubi ya ce duk huɗun suna nan. Ya miƙo mini ludayi.

"To, tsohuwa, ke ce gwana. Ɗanɗana ki gaya mana ko shi ne."

Na dubi Malam Garba, ya dubi rufin ɗaki.

"Ni ba na shan nono."

"Yau ba kya sha?"

"Ban taɓa shan wannan ba. Yi nake yi."

Malam Yohanna ya yi dariya har ya nemi kujera. Baturen ya ce to wa ya san ɗanɗanonsa? Na ce wanda ya sani yana kwance a maƙabartar Bulkachuwa. Dariya ta tsaya. Ya ce a hankali, madubi dai ya nuna su ne. Na ce na gode wa madubi, amma ba shi ke sha ba.

Ranar tafiya Baba Dung ya kawo ƙwaryar ya ɗinke tsagar da zare, ɗinki mai kyau. Ya ce in na yarda zai riƙa ce wa jikokinsa ya taɓa wanke abin da ba a wankewa. Dawowa ba abin faɗa, hanyar ce dai, sai dai wannan karon direban wani ne, bai san darajar kayan gwamnati ba, a kan buhu muka dawo ni da ita.

A Azare kowa ya zo ɗanɗanawa. Masu cewa shi ne, masu cewa ba shi ba ne, har da waɗanda ba su taɓa shan na da ba, su suka fi kowa tabbaci. Na ga ba mai raba gardamar nan sai mutum ɗaya. Na hau jaki na tafi Bulkachuwa wajen Adda Dudu, wadda ta tashi da kindirmon nan tun daga hannun Inna. Ta tsufa ƙwarai, ido ya tafi, bakin dai yana nan.

"Wa nake ji? Bahaushiyarmu ce? An ce kin kai ƙwaryar uwata Turawa sun yi mata wanka."

"Adda, sha ki gaya mini gaskiya. Na Inna ne ko ba shi ba ne?"

Ta kurɓa, ta juya shi a baki, ta haɗiye, ta sake kurɓa.

"Ba na Inna ba ne."

Na yunƙura zan tashi. Ta miƙo hannu ta laluba ta kama nawa.

"Ke, tsaya. Wanda kika tafi da shi ma ba na Inna ba ne. Tun shekarar da ta ba ki ya canja, hannu ba ɗaya ba ne. Duk rugar mun sani. Na ce masa ya gaya miki, ya ce wanda ya gaya miki ba shi ba shi."

"To kullum da yake cewa na Inna ne?"

"Me kike so ya ce? Naki ne? Bafulatani ya yabi matarsa a gaban mutane?" Ta ƙara kurɓa. "Wannan dai naki ne, irin wanda yake sha. Ƙaro mini."

Ban sani ba ko gaskiya ta faɗa, ko tausayi ne ya kama ta a tsufa, ko kuwa tsokanar da ta saba ce. Adda Dudu ba ta taɓa yi mini magana mai daɗi ba sai da ƙaya a ciki. Na ƙara mata, na hau jakina, na yi kuka tun daga nan har Azare.

Masu tambaya, abin da na gani a Jos ke nan. Irin yana nan, ina ciyar da shi kowace safiya da madarar saniyata. Mai zawo a gida ta aiko da ƙoƙo, ba na hanawa. In na ɗaga faifai nakan cika ludayin marigayi, in zauna inda yake zama, in shanye. Har yanzu ba na son shi, cikina kuma yana nan yana kukansa na kwaɗi. Ajiye alƙalamin, Malam Sule, madara ta huce.